Giyar kaka ta Turai: daga ina garɗinta yake fitowa, kuma za a same shi a tsiron dawa ba tare da maye ba?

Ɗan Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin cin abinci na wani otal a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma akwai maganar da baƙinmu 'yan Turai suke yawan yi idan watan Oktoba ya kama, wadda nake roƙon masana su warware mini ita. Suna begen wata giya da ƙananan masu haɗa giya na ƙasashensu suke fitarwa a lokacin kaka kaɗai, suna cewa hatsinta ya fi fitowa a baki fiye da na giyar kwalba da muke sayar musu. Ɗaya daga cikin baƙin ya zo da irinta a jakarsa, ya ce in tsiyaya masa. Ni ba na sha saboda addinina, amma ƙamshin ya iso hancina, kuma bai yi kama da warin giyar da na saba ji ba. Launinta ja-ja ne mai duhu, ƙamshinta kuwa na ɓawon burodi ne da ya fito daga tanda, haɗe da wani abu mai kama da mazarƙwaila.

Tambayata ita ce, wannan ƙamshi daga barasar da ke ciki yake fitowa, ko daga hatsin? Idan daga hatsin ne, me zai hana a samar da shi daga dawarmu, musamman yanzu da sabuwa ta fara shigowa kasuwa, a yi abin sha wanda Musulmi zai iya kai wa bakinsa?

Bawa na Mokolo ya amsa:

Ƙanena, ni Kirista ne, na taso inda bilbil, wato giyar dawa ta gargajiya, yake cikin kowane biki, kuma na zauna a Jamus lokacin karatu, saboda haka zan faɗa maka abin da harshena ya ji, sauran kuma in bar wa masana.

Idan aka tsiyaya ta a kofin gilashi aka ɗaga wajen haske, launinta na tagulla ne, kumfarta kuma ba fara fat ba ce, tana da ɗan ratsin rawaya, kuma tana daɗewa ba ta kwanta ba. Kurɓin farko zaƙi ne yake tarbar mutum, amma ba zaƙin sukari mai kaifi ba, zaƙi ne mai nauyi wanda yake tafe da garɗi, kuma abin da ya fi kusa da shi a girkinmu shi ne ƙanzon tuwon dawa da bai kai ga ƙonewa ba. Daga nan sai a ji kamar gasasshiyar gyaɗa a tsakiyar harshe. Ɗacin yana zuwa ne a ƙarshe, bayan an haɗiye, kuma shi ne yake share zaƙin ya bar baki a bushe, har mutum ya ji yana son wani kurɓin. Wadda ba a haɗa ta da kyau ba, zaƙin ne yake maƙalewa a dasashi, kuma rabin kofi ya isa ya gundure ka. Ina ba ka shawara kada ka kai wa baƙonka ita da sanyi ƙarara kamar yadda muke yi wa lemon kwalba, domin sanyi yana rufe ƙamshin hatsi. A bar ta ta ɗan huce zuwa wajen digiri 10 ko 12.

Sai dai abin da ake kira giyar kaka ba iri ɗaya ba ne. Akwai ta Jamusawa mai suna Märzen, wato ta watan Maris, kuma sunan yana da dalili. A 1553 hukumar Bavariya da ke kudancin Jamus ta hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, saboda wadda aka dafa da zafi tana lalacewa, don haka sai masu sana'ar suka riƙa dafa mai ɗan ƙarfi a watan Maris, su ɓoye ta a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu sanyi, a yi ta sha har kaka. Ita ce daga baya ta shahara a bikin Oktoberfest na birnin Munik, wanda aka fara a 1810 da bikin auren yarima Ludwig. Ka ga ke nan hatsinta ba sabon girbi ba ne, na bara ne, kaka lokacin shanta ne kawai. Akwai kuma ta Ingila da Amurka wadda ake bari ta tashi da ɗumi, ita kuma takan zo da ɗan ƙamshin 'ya'yan itace a kan na hatsin. Amurkawa har kabewa suke zuba wa tasu, da kirfa da kanumfari da citta, kuma a ganina wannan ɓarnar hatsi ce, domin yajin yana danne duk abin da aka sha wahalar fito da shi.

Injiniya Ngaundare ya amsa:

Malam Bawa ya kawo ɗanɗanon, ni kuma zan kawo dalilinsa, domin sarrafa hatsi na karanta a makarantar ENSAI ta jami'ar Ngaundare.

Amsa a taƙaice ita ce, ƙamshin da ka ji daga hatsi yake, kuma ya riga ya samu tun kafin a kai ga maganar maye. Turawa suna jiƙa sha'ir na wajen kwana biyu, su bar shi ya tsira na kwana huɗu zuwa biyar, sa'an nan su busar da shi da iska mai zafi. Tsirar tana farkar da wasu sinadarai da ke cikin ƙwayar, waɗanda aikinsu shi ne mayar da sitaci ya zama sukari. Busarwar kuwa ita ce take tsara launi da ƙamshi. Idan aka tsaya a wajen digiri 80, tsiron yana fita fari-fari, kuma da shi ake yin giyar kwalba mai ruwan zinariya. Idan aka kai shi digiri 100 zuwa 105 yana da sauran danshi, sai sukari da sinadaran furotin su haɗu su ba da launin ja da ƙamshin ɓawon burodi, kuma wannan haɗuwa ita ce wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Ita ce dai take faruwa a ƙanzo da a tsire. Akwai kuma wanda ake turara shi da danshinsa har cikin ƙwayar ya narke ya zama sukari, sa'an nan a gasa shi, shi ne mai ba da zaƙin mazarƙwaila. Wanda aka kai sama da digiri 200 kuma baƙi yake zama, da ɗaci irin na kofi.

Yisti yana shigowa ne daga baya, ya cinye mafi yawan sukarin ya mayar da shi barasa da iska. Ɗacin da Malam Bawa ya ambata kuma na furen wani tsiro ne mai yaɗo da Faransawa suke kira hublon, wanda ba ya son yanayinmu.

Game da dawa, an riga an gwada a babban mataki. Lokacin da Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin can dawa suka koma, kuma har yau tana cikin kayan haɗinsu. Amma tana da halinta. Sinadarin da ke fitar da sukari mai yawa ya yi ƙaranci a tsiron dawa idan aka gwada da na sha'ir, sa'an nan sitacinta ba ya narkewa sai zafin ruwa ya kai wajen digiri 70 ko ya wuce, alhali a wannan zafin sinadarin ya fara mutuwa. Matan da suke dafa bilbil sun daɗe da gano mafita ba tare da ma'aunin zafi ba: sukan dama garin tsiron a ruwa, su bari ya kwanta, su tsiyaye ruwan saman su ajiye gefe, su dafa na ƙasan har ya yi kauri, sa'an nan su mayar da ruwan da suka ajiye. Cikin ɗan lokaci kaurin zai sake, ruwan ya yi zaƙi. A wannan matakin babu maye a cikinsa ko kaɗan.

Gargaɗi biyu zan yi. Saiwa da kan tsiron dawa suna ɗauke da guba mai fitar da sinadarin sayanaid, wadda ita ce take kashe dabbar da ta ci gyauron dawa, saboda haka dole a murje su a sheƙe bayan an busar, kuma a tafasa ruwan sosai. Na biyu, ruwan zaƙi irin wannan ba ya jiran a zuba masa yisti. A zafin Garwa, idan ya kwana a waje a buɗe zai fara tashi da kansa, kuma abin da kake gudu shi ne zai same ka. A sha a ranar, ko a saka a firji da zarar ya huce.

Hajiya Mai Kunu, Kusseri, ta amsa:

Ɗana, abin da Injiniya ya zayyana da lissafin digiri shi ne muke yi a kunun zaƙi tun iyayenmu, sai dai mu ba mu gasa tsiron. Muna sheƙa tafasasshen ruwa a kan kaso mafi yawa na gasarar, mu bari ta huce har yatsa ya iya jurewa, sa'an nan mu zuba ɗanyen tsiron da muka niƙa, mu rufe. Wanda ya yi gaggawa ya zuba da zafinsa, kununsa ba zai sake ba, kuma ba zai yi zaƙi ba.

Inda zan ja hankalinka shi ne wajen zaɓen dawa. Jar dawar damina da Fulani suke kira njigari, wadda ita ce take cika kasuwa yanzu, za ta ba ka launin da kake so, amma tana da bauri, kuma baurin yana kama harshe ya hana a ji garɗi. Ni na fi son masakwa, wadda ake dasawa a laka bayan ɗaukewar ruwa a girbe ta wajen Fabrairu, wadda mutanen Cadi da muke ciniki da su a tsallaken kogin Logon suke kira berbere. Fara ko rawayarta ta fi daɗi a baki. Idan ka samu ta bana da aka adana da kyau, wadda ƙwari ba su huda ba, ka jiƙa ta kwana ɗaya kana sauya ruwa, ka shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen buhu a inuwa ka rufe da wani, kana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku ko huɗu. Da ka ga furfura ko ka ji warin ruɓa, zubar da ita, kada ka ce za ka wanke. Ka shanya a rana ta bushe ƙamas, ka murje, ka sheƙe.

Gasawar da kuke magana ban taɓa yi wa kunun sayarwa ba, amma na san kasko. Wuta kaɗan ake so, hannu kuma kada ya tsaya, domin tsakanin ƙamshi da ƙauri babu nisa. Idan zaƙin ya yi yawa, ni tsamiya zan jiƙa in zuba, da ɗan citta da masoro.

Bawa na Mokolo ya sake amsawa:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, a kan dawa ban isa in yi jayayya da ke ba, amma a kan tsamiya ina da ja. Tsami da ɗaci aikinsu daban ne. Da tsamiya ta shiga, abin ya koma kunu mai daɗi, ƙamshin gashin kuma ya ɓuya a bayanta, bilbil ma tsaminsa ne ya raba shi da giyar da ake tambaya a kai. Abin da yaron nan yake nema ɗaci ne siriri a ƙarshen kurɓi. Ya gwada busasshen ɓawon lemu kaɗan a ƙarshen tafasa, kamar yadda mutanen Beljiyam suke yi wa giyarsu ta alkama, ko ya ƙara gasa ɗan tafin hannu na tsiron har ya yi duhu sosai. Kuma gaskiyar magana, ba zai samu irin bushewar bakin nan cif-cif ba, tunda sukarin da yisti zai cinye yana nan daram. Zai samu ƙamshin da launin, amma nasa zai fi zaƙi da nauyi. A ganina ma Oktoba ba lokacinsa ba ne a wurinmu, domin kakar Turai sanyi take kawowa, tamu kuwa gumi ce. Ya jira hunturun Disamba da Janairu, ya sha shi da ɗumi.

Ɗan Garwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Yaya Bawa, Injiniya, da Hajiya. Abu ɗaya ya rage mini. Su Malta Guinness da Maltina da muke sayarwa, ba wannan ruwan tsiron ba ne aka ɗura a kwalba? Me ya sa ban taɓa jin ƙamshin burodin nan a cikinsu da ƙarfi haka ba? Kuma kaso nawa na tsiron ya kamata in gasa?

Injiniya Ngaundare ya sake amsawa:

Asalinsu ɗaya ne, wato ruwan tsiro da aka tafasa aka hana shi tashi. Amma idan ka karanta jerin kayan haɗi a jikin yawancin irin waɗannan kwalabe, za ka ga an ƙara sukari, kuma wani ɓangare na duhun launin daga ƙonannen sukari yake, ba daga gasasshen hatsi ba, sa'an nan ana shan su da sanyi sosai, wanda Malam Bawa ya riga ya faɗi illarsa.

Wajen gashi, ka tuna cewa duk ƙwayar da ta ji kasko sinadarinta ya mutu, ba za ta ƙara fitar da zaƙi ba, ƙamshi da launi kawai za ta bayar. Saboda haka ka fara da kaso ɗaya cikin goma, sauran tara ka bar su yadda rana ta busar da su, idan kuma ka ga launin bai kai ba, ka ƙara zuwa ɗaya cikin biyar a karo na gaba. Kada ka niƙa gasasshen a ranar da ka gasa shi. Ka ajiye shi a buhun yadi mako ɗaya ko biyu tukuna, domin warin hayaƙi mai kaifi ya fita. Idan kana son jan launi ba tare da baurin da Hajiya ta ambata ba, ka sa njigari kaɗan a cikin kason da za ka gasa, masakwa kuma ta zama ita ce mafi yawa.