Tambaya kan bulala a sukuwa: sau nawa ya halatta, kuma wa za a hukunta?

Mai Kili, Tawa

Assalamu alaikum. Ina cikin mutum biyar da masu dawaki na unguwanninmu a nan Tawa suka ɗora wa nauyin rubuta ƙa'idojin sukuwar da muke shiryawa bayan kowace sallah. Mun daidaita a kan nisan zagaye da rabon kyaututtuka, sai maganar bulala ce ta tsaya mana a wuya. Abin da ya tayar da ita shi ne sukuwar ƙaramar sallar da ta wuce. Wani akawal ya zo na ɗaya, jama'a na ta sowa, amma da aka kwance sirdi sai ga shatin bulala kwance a cinyarsa da kwiɓinsa kamar kunyoyin gona, biyu daga ciki har sun fashe, ƙudaje na bi. Yaron da ya hau shi bai wuce shekara goma sha biyar ba, kuma da wani dattijo ya yi masa faɗa, sai ya ce mai dokin ne ya gargaɗe shi kada ya sauke hannu sai ya wuce tuta. An ba da kyautar, domin babu dokar da ta hana.

Ina roƙon waɗanda suka san yadda ake yi a ƙasashen da tseren dawaki ya zama sana'a su gaya mana sau nawa aka yarda mahayi ya bugi doki, da hukuncin wanda ya zarce, da kuma abin da za mu iya ɗauka daga ciki a filinmu.

Ɗan Yamai

Wa alaikumus salam, Malam Mai Kili. Na daɗe ina bin tseren Faransa da na Ingila, saboda haka zan faɗi abin da na sani, amma tun farko a lura cewa babu adadi ɗaya da duniya ta haɗu a kansa.

A Ingila, tun 2023, an yarda da bugu shida a tseren fili, bakwai a tseren tsallake shinge. Kafin nan bakwai ne da takwas. Wanda ya zarce ana dakatar da shi na wasu kwanaki, kwanakin na ƙaruwa gwargwadon zarcewar, ana kuma ninka su idan babbar gasa ce. Idan ya ƙara huɗu a kan adadin, wato ya kai goma a tseren fili, ana soke sakamakon dokin ɗungurungum. A Faransa adadin ya yi ta sauka, daga shida a 2017 zuwa biyar a 2019, zuwa huɗu a watan Mayun 2023, kuma dokin da aka buga sau tara ana fitar da shi daga jerin waɗanda suka ci. A Amurka shida ne, kuma ba a jera fiye da biyu sai an bar doki ya yi taku biyu. Suwidin kuwa tun 2022 ta hana bugun doki don ya ƙara gudu, mahayi na riƙe bulala ne kawai don kauce wa haɗari.

Adadin ba shi kaɗai ba ne doka. A Ingila laifi ne mahayi ya ɗaga hannu sama da kafaɗa, ko ya bugi doki a wurin da ba cinya ba da ƙarfi, ko ya sake bugu bai ba shi lokacin amsawa ba, ko ya bugi wanda ya riga ya fita daga takara, ko wanda nasararsa ta tabbata, ko wanda ya wuce layin ƙarshe. Ita kanta bulalar ba irin tamu ba ce: tsawonta ba ya wuce santimita 70, kuma bakinta a lulluɓe yake da soso, ta yadda ƙararta ta fi zafinta.

Abin da ya fi dacewa da tambayarka, a ganina, shi ne dalilin da ya sa suka kai ga soke nasara. A 2022 Sam Waley-Cohen ya ci babbar gasar Grand National ta Ingila a kan doki mai suna Noble Yeats, aka same shi da laifin bulala, aka dakatar da shi kwana tara tare da tarar fam 400. To amma ya riga ya sanar cewa wannan ne hawansa na ƙarshe, saboda haka dakatarwar ta zama ihu bayan hari, kofi kuma ya tafi gida. A 2025 Junior Alvarado ya ci babbar gasar Kentucky Derby ta Amurka a kan doki mai suna Sovereignty da bugu takwas, aka yanke masa tarar dalar Amurka dubu 62 (dalarsu nake nufi, ba tamu ta faran biyar ba) da dakatarwar kwana biyu, nasarar kuma ta tsaya. Muddin abin da za a samu ya fi abin da za a rasa, mahayi zai yi lissafinsa tun kafin ya sa ƙafa a likkafa. Shawarata ita ce ku ɗauki shida, ku kuma rubuta cewa wanda ya kai goma ya rasa kyautar.

Tsohon Mahayi, Ƙonni

Ɗana na Yamai, Allah ya ƙara sani, ka yi bayani mai gamsarwa, amma ni da na yi shekara goma sha ɗaya a kan sirdi ina da ja a wuri biyu.

Na farko, wa zai ƙirga? Su can kowane doki akwai na'urar ɗaukar hoto a gabansa da bayansa da gefensa, akwai kuma alƙalan da aikinsu ke nan. Mu a nan, da zarar dawaki goma sun sha kwana ta ƙarshe, ƙura ce take turnuƙe fili, mai dokin ma da ƙyar yake gane nasa, balle a ce wani ya tsaya yana ƙirga hannun yaro. Ranar da alƙali ya ce goma mai doki ya ce bakwai, ranar za a raba zumuncin shekara talatin, kuma kowa ya san yadda gardamar filin sukuwa take ƙarewa.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, mahayin Ingila babban mutum ne mai takardar izini da lauya, yana da kasonsa a rubuce. Namu yaro ne da ke kwana a barga, shi ke yankan harawa, shi ke kai doki kilisa da asuba, kuma idan an ci kyauta abin da mai doki ya ga dama shi yake miƙa masa. Ina da shekara goma sha huɗu wani maigidana, Allah ya jiƙansa, ya fizge bulalar daga hannuna a gaban mutane ya zuba mini ita a gadon baya, saboda na zo na uku kuma ya ga ban daki dokinsa yadda yake so ba. Dokin nan tun kwana ta biyu na ji numfashinsa ya canza a ƙarƙashina, na san babu sauran abin da zai bayar. Idan kuka ci yaro tarar jaka biyar ko kuka hana shi hawa wata biyu, an bar jaki ana dukan taiki ke nan, mai dokin zai ɗora wani yaron a sallar gaba ya faɗa masa maganar da ya faɗa wa na farko. Ku rubuta dokar da sunan mai doki. Sa'an nan kada ku hana bulala gaba ɗaya, domin dokin da ya yi niyyar fanɗarewa cikin ƴan kallo, linzami kaɗai ba ya mayar da shi.

Ɗan Yamai

Baba, maganarka ta ƙirga gaskiya ce, har ma can ɗin ba su tsira ba. A watan Oktoban 2024, a gasar Cesarewitch ta Newmarket a Ingila, doki mai suna Alphonse Le Grande ya ci da tazarar tsinin hanci, bayan kwana uku aka soke nasararsa saboda an ƙirga wa mahayinsa, Jamie Powell, bugu goma. Da aka ɗaukaka ƙara, sai masu shari'a suka ce na goman ba ya cikin lissafi, aka mayar masa da nasarar bayan wata guda. Tun a 2011 ma, lokacin da aka tsaurara dokar adadi a Ingila, Christophe Soumillon ya rasa kasonsa na sama da fam dubu 50 a Ascot saboda bugu ɗaya tak da ya ƙara a mita 200 na ƙarshe, mahaya suka yi bore, aka sassauta dokar cikin ƴan kwanaki aka mayar masa da kuɗinsa. Idan masu na'urori sun yi wata guda suna gardama a kan bugu ɗaya, na janye maganar adadi a filin da babu su. Amma ban janye maganar soke kyauta ba, domin ita ce hukuncin da ke isa aljihun mai doki kai tsaye.

Malamin Dabbobi, Tawa

Ina so in ƙara abu biyu daga ɓangaren aikinmu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa fatar doki kauri gare ta, ba ya jin bulala kamar yadda mutum zai ji. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda Farfesa Paul McGreevy na Jami'ar Sidni yake cikin masu shi, ya gwada fatar cinyar doki da ta mutum, ya samu cewa a saman fata, inda jijiyoyin jin zafi suke, babu wani bambanci na a zo a gani. Kaurin yana can ƙasa, kuma bai hana zafi ba. Wanda ya taɓa ganin doki ya girgiza fatarsa don ƙuda ɗaya ya sauka a kanta, ba ya bukatar a ja masa zance. Wani binciken nasa na 2011 a Ostareliya ya nuna cewa dawakin sun fi gudu a tsakanin mita 600 da 400 kafin layi, lokacin da ba a fara dukansu ba, kuma yawan bugu a ƙarshe, lokacin da gajiya ta kama su, bai canza matsayin da suka zo ba. Wannan ya yi daidai da abin da Baba ya ji a ƙarƙashin sirdinsa. Gudun doki a kilisa da hatsi da kanwa ake gina shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu shi ne hanyar da ba ta bukatar ƙirga. Kafin tashi, a duba bulalar kowane mahayi, a karɓe dorina da tsumagiya da guntun tiyo da wayar lantarki, waɗanda duk na taɓa ɗinke raunin da suka yi, a ba kowa iri ɗaya mai faffaɗan baki mai laushi wadda kwamiti ya tanada. Baduku ɗaya zai iya ɗinka goma sha biyar cikin mako guda. Bayan an iso, a tsare dawaki ukun farko a inuwa na kwata ɗaya, a kwance sirdi, a duba cinya da kwiɓi da wuya da fuska a gaban masu su. Shati yakan taso cikin ƴan mintoci, kuma yatsa na jin sa ko da gumi ya ɓoye shi ga ido. A Ingila ma likitan dabbobi na duba dawaki bayan tsere, kuma shati laifi ne mai zaman kansa ko da mahayi bai zarce adadi ba. A duba dawakin kafin tashi kuma, a rubuta tsohon tabo, don kada a ɗora wa wani laifin da ba na ranar ba. Bugu a fuska kuwa bai kamata a yi masa sassauci ba ko sau ɗaya ne, domin yana iya tsiyayar da ido, kuma hadisi ya hana shi tun kafin a san wata hukumar tsere. Kada ku manta da kaimi, domin raunin da yake yi a ciki ya fi na bulala wuyar warkewa.

Mai Kili, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan kai wa kwamiti ranar Lahadi: bulala iri ɗaya daga hannun kwamiti, duba dawaki kafin tashi da bayan isowa, kuma dokin da aka samu da sabon shati ko jini ko bugu a fuska ya rasa kyautarsa ta koma ga na bayansa. Idan aka sake samun dokin mutum ɗaya da laifin a karo na biyu, dawakinsa duka ba za su shiga sukuwa ta gaba ba. Yaro kuwa gargaɗi ne a karon farko. Na bar adadi a waje har sai mun gwada ɗaukar mita 200 na ƙarshe da salula daga kan mota mun ga ko hoton zai nuna wani abu ban da ƙura.

Saura wuri ɗaya da nake hangen rigima. Uku daga cikin mu biyar muna da dawaki a cikin sukuwar, har da ni, saboda haka bai dace mu ne masu duba shatin ba. Malamin Dabbobi, idan kwamiti ya amince, za ka yarda ka tsaya mana a wannan aiki ranar babbar sallah, tare da dattijo ɗaya da ba shi da doki a fili?