Shin Faransa ta fi Ingila yi wa ɗan baƙo adalci?

Ɗan Damagaram (Lyon): Salamu alaikum 'yan'uwa. Duk surutun da ake yi, ni a ganina Faransa ta fi Ingila adalci ga baƙo. Ɗana a nan aka haife shi. Ranar da ya cika shekara 18, in dai ya zauna shekara biyar a ƙasar tun yana ɗan 11, ya zama ɗan ƙasa. Ko a ƙidayar jama'a ba a tambayar ƙabilarka ko addininka.

Hajiya (Manchesta): Wa alaikumus salam Yaya. Ɗanka namiji ne, shi ya sa. Da mace ce da ka ji a jikinka. Tun 2004 aka hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati, a 2010 aka yi dokar hana rufe fuska, a 2023 kuma Gabriel Attal yana ministan ilimi ya hana abaya. 'Yata da hijabinta take shiga aji a nan, babu mai ce mata uffan. Ga Sadiq Khan, ɗan direban bas ɗan asalin Pakistan, shi ne magajin garin Landan tun 2016.

Ɗan Damagaram: Hajiya, dokar 2004 ta shafi babban gicciye da hular Yahudawa ma. Tushenta dokar 1905 ce, wadda ta raba coci da gwamnati.

Hajiya: To amma kan 'yar wa ta fi faɗawa?

Malamin tarihi (Zariya): Ku yi haƙuri in sa baki. Wannan bambancin mun san shi tun zamanin mulkin mallaka. Lugga ya bar sarakunanmu da alƙalansu ya yi mulki ta hannunsu, Faransa kuwa burinta ta mai da mutum Bafaranshe. Sai dai Hajiya, Ingila ma ba aljanna ba ce. Tun 1983 haihuwa kaɗai a can ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa. A 2018 abin kunyar Windrush ya fito fili: dattawan da suka zo daga Karebiyan tun suna yara, suka tsufa a Ingila, aka tsare wasu, aka kori wasu don ba su da takarda.

Baƙon Hamburg: Malam ya taɓo wurin da ke yi mini ƙaiƙayi. Jamus ta fara ɗauko Turkawa aiki a 1961, ta ɗauka baƙi ne masu komawa gida. Har sai shekarar 2000 aka fara ba 'ya'yan baƙi da aka haifa a nan zama 'yan ƙasa, shi ma da sharaɗi. A 2024 aka rage jiran neman zama ɗan ƙasa daga shekara takwas zuwa biyar, aka yarda mutum ya riƙe fasfo biyu. Ni takardar nan ita ce gaba da komai, wallahi. Wanda bai da ita, ko barci ba ya yi masa daɗi.

Hajiya: Yaya, tambaya ɗaya. Ƙasar da ba ta ƙidaya baƙar fata, ta yaya za a tabbatar an hana shi gida ko aiki saboda launinsa?

Ɗan Damagaram: Wannan kam kin kama ni. Wata shida na yi ina neman gidan haya. A waya sai a ce in zo, in na faɗi sunana sai a ce an riga an kama. Duk da haka ina so ɗana ya tashi da haƙƙi ɗaya da ɗan maƙwabcina. Malam, a Ingila da ake ƙidayar, an daina irin wannan?