Iska ta kaɗa min dish: in sayi fainda ko in ci gaba da kiran mai gyara?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hadarin daren Talata ya juya min dish, tashar Makka da sauran na tauraron ɗan'adam Arabsat duk sun ɗauke. Karo na uku ke nan a daminar bana, kowane zuwa mai gyara sai ya karɓi 3,000. Ina tunanin sayen fainda, wato na'urar neman sigina, ƙaramin nan mai allura da ke kuka, in riƙa saitawa da kaina. A jikin katanga dish ɗin yake, kujera ma ta ishe ni. Wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Fagge: Malam, kada ka hau kwano da damina, santsi gare shi.

Na Tudun Wada: Ni na saya, 6,000. Tun azahar nake juyawa har aka kira magariba, allura ta kai ƙarshe, abin yana ta tsuwwa, talabijin kuwa baƙi ƙirin. Na haƙura na kira wani yaro. Ya ce LNB ɗina, wato abin nan na gaban dish mai karɓar sigina, ya ƙone, ya sa min sabo, ya tafi da nawa a aljihu. Kwana 9 nasa ya yi ya mutu. Daga baya na gane nawa lafiyarsa ƙalau. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mai Sifana: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Mai allura bai san sunan tauraro ba, duk wanda ya ci karo da shi sai ya yi kuka. Arabsat yana digiri 26 gabas, kuma yana da maƙwabta. Sa yaro ya tsaya gaban talabijin ya riƙa faɗa maka kwaliti, ba ƙarfin sigina ba. In allura ta cika, rage maɓallin, ka matsa kaɗan-kaɗan kamar faɗin yatsa. Da ya kama, ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya, ka ja layin fenti a jikin ƙarfen. Nemi fainda mai allo, ni nawa 45,000 na saya.

Ɗan Fagge: 45,000? Maƙwabcina 28,000 ya sayo a Sabon Gari.

Na Tudun Wada: Ku masu gyara ai kasuwarku kuke karewa.

Mai Sifana: Da kasuwata nake karewa da ban koya masa komai ba. Shekarata 11 a kan tsani.

Maman Sadik: Mu a gidanmu ni ce fainda. Maigida yana sama, ina taga ina ihu: ya kawo, ya ɗauke!

Ɗan Fagge: Duk wannan sai da wuta fa. Fainda mai allura daga risiba yake shan wuta ta cikin waya. Mu kwanan taransifomarmu 16 da lalacewa, an karɓi 2,000 gida-gida, shiru kake ji.

Baban Ummi: Na gode. To mai allurar dai, in saya ko in bari?

Maman Sadik: Ɗan Fagge, ku sau ɗaya aka karɓa? Mu sau biyu, ga kuma takardar biya an kawo jiya.