Gyaran ƙaramin kare: a gida ko wajen masu sana'ar? Taƙaitawar abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinta daga bayanan jama'a.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Irin gashin ne ke yanke hukunci. Kare mai gajeren gashi, wanka da buroshi a gida sun wadatar. Mai dogon gashi kamar Lhasa Apso ko Shih Tzu yana son aski duk bayan mako 4 zuwa 6.

2. A taje gashin kafin wanka. Ruwa na ƙara ɗaure inda ya cukurkuɗe, musamman bayan kunne da hammata. Idan ƙullin ya manne da fata, kada a sa almakashi. Fatar kan biyo gashin a yanke ta. Wannan aikin injin aski ne, a kai wa gwani.

3. Ban da shamfun mutane. A duba kaska tsakanin yatsu.

Inda aka rabu:

Yanke farce. Wasu na yi da kansu, kaɗan-kaɗan. Wasu sun ce baƙin farce na ɓoye jijiyar jini, gara likitan dabbobi. Ni ina tare da masu cewa a kai wa likitan.

Kuɗi ma an ja: masu yi a gida sun ce sayen inji sau ɗaya ne, sauran sun ce kare mai tsoro ba ya tsayawa.