Wai me za mu kira case study da Hausa?

Salam 'yan uwa. Ina kan rubuta kundin digirina na biyu a fannin kasuwanci, to jiya da daddare ina yi wa ƙanwata bayanin babi na uku, inda mutum ke faɗin hanyar da ya bi ya yi bincikensa, sauran kalmomin duk suna zuwar min ba wahala, tsakure, bitar ayyukan da suka gabata, hasashen bincike, ra'i, dama malaman sashen Hausa sun riga sun share mana hanya, amma ina zuwa kan case study, wato binciken da ake zurfafawa a kan abu guda kamar wani kamfani, sai bakina ya tsaya cak. Na ce mata kes stadi, sai ta ɗago kai daga wayarta ta ce wa aka kama? Kuma da gaskiyarta, mu in an ce kes ai maganar 'yan sanda ce ko kotu.

Ba ta ma yi nisa da asalin abin ba fa. A makarantar koyon aikin lauya ta Harvard da ke Amurka, tun 1870 shugabanta Langdell ya sa ɗalibai su riƙa karanta ainihin shari'o'in da kotuna suka yanke maimakon haddar ƙa'idoji zalla. Makarantar kasuwancinsu da aka kafa a 1908 ta ari salon, a 1921 suka rubuta case ɗinsu na farko a kan wani kamfanin takalma. Don Allah masu Hausa a baki ku taimaka.

To, ga ra'ayina a kan sunayen da wasunku suka ba ni shawara. Malam da ka kawo "nazarin misali", na gode ƙwarai, amma ka yi min uzuri ban gamsu ba. Misali ana kawo shi ne don ya tsaya a madadin sauran, ka nuna ɗaya ka ce haka ragowar suke, shi kuwa wannan binciken ba haka yake ba sam. Ɗauki Kodak, kamfanin kyamara da fim ɗin ɗaukar hoto. Injiniyansu Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital a 1975, a cikin kamfanin nasu aka yi ta, amma suka riƙe cinikin fim gam saboda nan ribarsu take, har a 2012 suka je kotu neman kariya daga masu binsu bashi. In ɗalibi ya zauna a kan Kodak, ya karanta rahotanninsu na shekara-shekara, ya yi hira da tsoffin manajoji, ya gwada abin da suka faɗa da abin da takardu suka nuna, abin da zai fito da shi shi ne ta yaya aka yi haka kuma me ya sa, a Kodak. Ba zai iya cewa kashi kaza na kamfanonin duniya haka suke ba. In muka ce misali mun ba ɗalibi lasisin yin kuɗin goro kenan, kuma ranar kare kundi a nan za a fara riƙe shi.

Hajiya ta ce "binciken ƙwaƙwaf". Wallahi yana da daɗin faɗa kuma zurfin ya fito, sai dai 'yan jarida sun riga mu, kowa ya ji shi zai ɗauka badaƙala za a tono. Ka je wa manaja da wannan sunan ka ga ko zai ba ka ko minti biyar. "Zakaran gwajin dafi" kuma a'a, wancan wani abu ne daban.

Wanda ya zauna min a rai shi ne na ɗan uwan da ya ce "keɓantaccen nazari", kuma na tuna ina ganinsa a taken kundaye na Hausa. Dalilina, kalmar keɓewa ta ɗauko ainihin aikin, ka zana iyaka, wannan kamfanin, daga shekara kaza zuwa kaza, a kan wannan matsalar kaɗai, sannan ka nutsa ciki ta kowace kusurwa, hira da takardu da abin da idonka ya gani. Kuma ba dole sai ɗaya ba, masaniyar harkar gudanarwa Kathleen Eisenhardt a maƙalarta ta 1989 ta ba da shawarar huɗu zuwa goma ga mai son gina ra'i, to sai ka ce keɓantaccen nazari a kan kamfanoni huɗu, ya zauna daram.

Akwai abin da ke damuna da nake ganin sunan zai gyara. Da yawanmu muna liƙa case study a wutsiyar take ne kawai don mu faɗi inda muka raba takardun tambayoyi, mutum ya raba ɗari biyu, ya zuba a manhajar lissafi ta SPSS, ya fitar da teburori, shikenan. Wannan jin ra'ayin jama'a ne, aiki ne mai kyau a kan kansa, amma ba shi ba ne. Da Turanci ba ka jin nauyin abin da ka rubuta, amma ka ce da bakinka na yi keɓantaccen nazari, sufabaiza ya tambaye ka me ka keɓe, ina zurfin, dole ka sake tunani.

Saura wanda ake koyarwa da shi a aji, irin na Harvard ɗin, da ake ba ku labarin kamfani a tsaya a daidai inda manaja zai yanke shawara a ce ku me za ku yi. Wannan ba bincike ba ne, bai kamata su haɗa suna ba. Ni a ganina "mas'alar nazari" ta dace da shi, kamar yadda malami ke jefo mas'ala a zaure ɗalibai su yi ta kai-kawo kafin ya warware. Malam, kai da ka fi mu sanin nahawu, keɓantacce za mu tsayar ko keɓaɓɓe? Na ga ana rubuta duka biyun, ni dai keɓantacce na rubuta a littafina.