Ta yaya za mu nuna ƙorafi kan yawan haraji da hukumomi cikin lumana?

Mai Shago a Wunti:
Assalamu alaikum. Mu 'yan kasuwa ne da masu ƙananan sana'o'i a garin Bauchi, kuma mun daɗe muna kuka kan yadda shago ɗaya yake biyan kuɗi ga masu karɓa daban-daban, wannan da rasit na shara, wancan na allon talla, wani kuma na rumfar ƙofar shago, alhali ribar ba ta taka kara ta karya ba. Mun shawarta mu ɗinke kwafin rasit ɗinmu a kan dogon farin ƙyalle, mu ɗauka shiru zuwa majalisar dokokin jiha tare da takardar koke. Buƙatunmu biyu ne: a rage hukumomin da aikinsu ya zama ɗaya, kuma a daina rufe wa mutum shago babu umarnin kotu. Shin doka ta ba mu dama?

Lauya daga Yelwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Sashe na 39 da na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba ku 'yancin faɗin albarkacin baki da na taruwa cikin lumana, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar na 'yan sanda, ta yanke cewa ba sai da izinin 'yan sanda ake taro ba. Duk da haka ku rubuta wa kwamishinan 'yan sanda takardar sanarwa, ku faɗi rana da hanya, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ku kuma shafe sunaye da lambobin waya daga rasit ɗin.

Malamar Firamare:
Ranka ya daɗe, ina tare da ku, amma maganar rage hukumomin gwamnati tana ba ni tsoro, domin a ƙauyukanmu matsalar ita ce gwamnatin ba ta nan: aji cike da yara, malami ɗaya, asibiti babu magani. Idan ba ku fayyace ba, kan malamai da ma'aikatan jinya za a fara sauke gatarin. Ku rubuta ƙarara cewa ofisoshin da suka yi yawa da tarin mataimaka na musamman kuke nufi. Kuna ma da hujja, domin rahoton 2012 na kwamitin Oronsaye, wanda gwamnatin tarayya ta kafa don duba yawan hukumominta, ya ba da shawarar a mayar da hukumomin tarayya 263 zuwa 161, kuma a Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya ta amince da aiwatar da shi.

Dattijo daga Muda Lawal:
Ɗana, shawarar ƙyallen ta yi kyau, sai dai kada ku manta da Agustan 2024, lokacin da ɓata-gari suka shiga zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a jihohi da dama, har aka gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja. Saboda haka kada ku yi gayya a Facebook, kada ku fita bayan sallar Juma'a, kuma kada yaro ko ɗaya ya bi ku. Kowace kasuwa ta turo wakilai kaɗan da shugabanninta suka sani da fuska, ku je da safe ranar da majalisa ke zama, ku nemi ɗan majalisar mazaɓarku ya fito ya karɓi takardar da hannunsa.