Musayar Waƙa: Ina Zauren Ikko?

Sabon Zuwa, Idi-Araba:
Salamu alaikum iyaye da yayye. Watana uku a garin nan, ga kukana:

Na baro Kano, garin soro da zaure,
Inda baƙo kan kishingiɗa ya sha fura.
Na zo Ikko, ƙofa na kallon ƙofa,
Lungu guda, nan girki, nan wanki, nan hira.
Bayi ɗaya, ɗaki goma na bin layi,
Wane tarihi ne a cikin wannan takura?

Baba Na-Agege:
Ɗana, ɗakin haya ka gani, ba ka ga gari ba tukuna.

Haye gadar Kata ka faɗa tsibiri,
Ka nemi unguwar Popo Aguda ka sha kallo.
Bayin da aka kai Birazil ne suka komo,
Da hannun gini, da sabon salo.
Bene mai dogayen tagogin katako,
Furanni a goshin ƙofa kamar zayyanar allo.

A titin Kakawa kuma ka tambayi Gidan Ruwa na su Da Roca. Da ruwan rijiyar gidan suka yi kasuwanci, sunan ya bi su.

Hajiya Mai Goro:
Baba, a yi mini afuwa, an tsallake ɗakin Allah.

A titin Matin akwai masallacin Shitta-Bey,
Tun 1894 ake tsayuwar salla.
Attajiri Muhammadu Shitta ya zuba dukiya,
Sarautar "Bey" daga Santambul ta ɓulla.
Magininsa Da Kosta, shi ma ɗan Aguda,
Fuskar ginin ta Birazil ce in ka kalla.

Sani Mai Shayi, Obalende:
Ku dai yaba, ni a idona aka yi wata.

Da tsohon gini na da gata a Ikko,
Da gidan Ilojo Bar bai zama fili ba.
Ginin 1855 a gefen dandalin Tinubu,
Sa shi a kayan tarihin ƙasa bai cece shi ba.
Jajibirin babbar salla, 2016,
Katafila ta shigo ba ta yi sallama ba.
Unguwar Maroko ma an share ta a 1990,
Masu ita ba su ƙara kwana cikinta ba.

Baba Na-Agege:
Gaskiyarka Sani, ba musu. Amma bari in ba yaron nan amsar zaurensa.

Teku a gaba, tafki a baya,
Ƙasar da za a yi zaure ta yi tsada.
Har kan ruwa a Makoko an kafa turaku,
Da kwalekwale ake zuwa gaida kaka.
Mu da jirgin ƙasa ya sauke a Agege,
Goro muka biyo, zango ya zame mana fada.
Benci a ƙofar masallaci shi ne zaurenmu,
Nan ake ɗaurin aure, nan ake sasanta faɗa.

(Layin "kaka" ya kauce wa amsa-amo, na sani, tsufa ne.)

Sabon Zuwa:
Na ji, Baba, na janye rabin maganata,
Rabin yana nan, don layin bayi bai ragu ba.
Asabar in Allah ya so zan leƙa tsibiri,
Yaya Sani, wace danfo zan hau ban ɓata ba?

Sani Mai Shayi:
Hau ta Obalende, ka sauka ƙarƙashin gada. Za ka ga tukunyata, daga nan da ƙafa za mu taka.